Darasi na Tara: Agogon Jiki, Aikin Dare da Kansar Furostet

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ake nufi da agogon jiki da yadda haske ke saita shi;
2. faɗin inda furostet take a jikin namiji da aikin da take yi;
3. kawo abin da bincike ya gano game da aikin dare da kansar furostet, da inda masana suka saɓa;
4. lissafa matakan da mai aikin dare zai ɗauka don kare lafiyarsa.

Gabatarwa

Hausawa kan ce dare mahutar bawa. Sai dai a kowane gari akwai bayin Allah da dare ne lokacin nemansu: mai gadi a bakin kasuwa, ma'aikacin jinya mai aikin kwana, direban tirela da ke ɗaukar hanya bayan isha, ma'aikacin gidan burodi, ɗan sanda a bakin shinge. An ƙiyasta cewa kusan ma'aikaci ɗaya cikin biyar a duniya yana yin aikin dare. Gajiya da gyangyaɗi kowa ya san su. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, masana sun daɗe suna tambayar ko shekarun da mutum ya yi yana juya dare ya zama rana suna da hannu a wasu cututtukan daji, ciki har da kansar furostet, wadda ta fi kowace kansa kama maza a Nijeriya. Kafin mu kai ga amsa, sai mun san agogon da ake cewa yana rikicewa.

1. Mene ne agogon jiki?

A shekarar 1729 wani Bafaranshe masanin taurari, de Mairan, ya sa ido a kan tsiron mimosa, wanda ganyensa ke buɗewa da rana ya rufe da dare. Ya sanya tsiron cikin duhu, inda hasken rana ba ya kai wa gare shi. Ganyen bai fasa ba, ya ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokacinsa. Ashe ba rana kaɗai tsiron ke bi ba, akwai wani ma'aunin lokaci a cikinsa.

Ɗan Adam ma haka yake. A tsakiyar ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Shi ne babban agogon jiki. Zagayensa yakan ɗara awa 24 da 'yan mintoci, don haka kullum yana buƙatar saiti, kuma haske ne ke saita shi. A bayan ido akwai wasu ƙwayoyi da ke auna haske su aika wa agogon labari, kuma shuɗin haske ya fi kowane launi motsa su. Irinsa ya yawaita a hasken safiya, yana kuma fitowa daga fararen ƙwayayen lantarki na zamani da fuskar waya da talabijin.

Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke da agogo ba. Hanta, hanji, fata da furostet duk suna da nasu ƙananan agogunan a cikin ƙwayoyinsu. Matsayin babban agogo a wurinsu kamar na ladan ne a unguwa: kowane gida da agogonsa, amma da kiran salla ake daidaita lokaci. Yadda waɗannan agoguna ke tafiya a cikin ƙwayoyin gado shi ne abin da Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, suka gano ta hanyar nazarin ƙudan 'ya'yan itace, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017.

Ga kaɗan daga abin da agogon ke tsarawa a kowace rana:

- Melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Yana fara hawa idan duhu ya shiga, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, ya sauka da ketowar alfijir. Haske mai ƙarfi da dare yana danne shi.
- Kotisol, sinadarin da ke shirya jiki ga hidimar yini. Yana hawa da asuba.
- Testosteron, sinadarin mazantaka. Ya fi yawa da safe, shi ya sa likitoci ke son ɗibar jinin gwajinsa da safe.
- Zafin jiki, wanda ke yin ƙasa sosai gab da asuba.

2. Yadda agogon ke rikicewa

Mai gadin da ya kwana a ƙarƙashin fitila, idonsa na gaya wa ƙwaƙwalwa cewa rana ce. Ya ci abinci ƙarfe 2 na dare, hanta da hanji su tashi aiki a lokacin hutunsu. Da gari ya waye ya kama hanyar gida, hasken safiya ya ce wa jiki a tashi, alhali shi kwanciya zai yi. Ya kwanta cikin zafi da hayaniyar gida, barcin ya zo gajere, a yanke-yanke. Ranar hutunsa kuma ya koma barcin dare kamar kowa. Saboda haka mafi yawan masu aikin dare, ko sun shekara nawa, jikinsu ba ya gama sabawa. Masu aikin karɓa-karɓa, wannan mako safe, mako mai zuwa dare, su ma kullum agogonsu cikin canjin saiti yake.

A lura da kyau: binciken da za mu kawo ya shafi mutanen da suka shafe shekaru a irin wannan hali. Bai shafi mai tashi sallar dare ko sahur ya koma barci ba, ko wanda ya kwana biyu yana jinyar ɗansa.

3. Furostet da kansarta

Furostet wata 'yar gaɓa ce da maza kaɗai ke da ita. Nauyinta kimanin giram 20 ne a jikin matashi. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi, kuma ita ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. A rediyo akan ji ana cewa kansar mafitsara, amma mafitsara daban, furostet daban, kowacce da irin kansarta.

Idan namiji ya manyanta, furostet kan ƙara girma ta matse hanyar fitsari. Wannan kumburin tsufa ya zama ruwan dare, kuma ba kansa ba ne. Kansa ita ce idan ƙwayoyin gaɓar suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har su iya tsallakawa zuwa ƙashi da sauran sassa. Alƙaluman 2022 sun nuna an sami sababbin masu wannan cuta kusan miliyan ɗaya da rabi a duniya, kusan 400,000 kuma suka rasu.

Abubuwa uku ne aka tabbatar suna ƙara haɗarinta:

- Shekaru. Ba kasafai take kama ɗan ƙasa da 40 ba, amma daga 50 haɗarin yana hawa da sauri.
- Asali. Baƙar fata sun fi kamuwa. A Birtaniya an ƙiyasta cewa baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai kamu da ita a rayuwarsa, alhali a jimillar maza ɗaya ne cikin takwas. A Amurka kuma mace-macen baƙar fata daga cutar ya kusa ninka na fararen fata.
- Gado. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya kamu, haɗarinsa ya kai ninki biyu.

Riƙe waɗannan ukun, domin da su za mu auna nauyin abin da ke tafe.

4. Ta wace hanya rikicewar agogo za ta taɓa furostet?

Masana na bin hanyoyi uku. Ta farko ita ce melatonin. Tun 1987 wani masani Ba'amurke, Richard Stevens, ya kawo hasashen cewa hasken lantarki da dare, ta hanyar danne melatonin, yana iya ƙara kansar nono. A ɗakin gwaji an ga melatonin yana rage saurin hayayyafar ƙwayoyin kansa, har da na furostet. Idan haka yake a jikin mutum, wanda ke kwana cikin haske yana rasa wata kariya a kowane dare.

Ta biyu ita ce sinadaran mazantaka. A 1941 likita Charles Huggins na Jami'ar Chicago ya nuna cewa kansar furostet da testosteron take ci gaba, idan aka yanke mata shi sai ta lafa. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1966, kuma har gobe a kansa aka gina maganin cutar idan ta bazu. Tunda testosteron na da lokacin hawa da sauka, kuma barci na shafar sa, duk abin da ya dagula wannan tsari ya cancanci a sa masa ido.

Ta uku ita ce gyaran ƙwayoyin jiki. Kullum ƙwayoyin gado suna samun 'yar ɓarna, jiki yana gyarawa. Agogon jiki na cikin masu tsara lokacin gyaran da lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu. Idan lokutan suka harɗe, ƙwaya na iya rabuwa da ɓarnarta, kuma daga tarin irin wannan ɓarna kansa ke tasowa. An gwada wannan a kan ɓeraye: waɗanda aka riƙa canza musu lokutan haske da duhu, ciwon dajin da ke jikinsu ya fi saurin girma.

Amma ɓera ba mutum ba ne. Sai mu duba abin da aka gani a jikin mutane.

5. Abin da aka gano a ƙasashe

A Japan, wani bincike da aka wallafa a 2006 ya bi diddigin maza ma'aikata 14,052. Masu aikin karɓa-karɓa sun nuna haɗarin da ya ninka na masu aikin rana sau uku. Labarin ya ja hankali ƙwarai, amma mutum 31 kacal ne suka kamu da cutar cikin dukan mazan. Da adadi kaɗan haka, mutum biyu ko uku na iya juya lissafi.

A Aisland an yi bincike biyu a kan dattawan birnin Reykjavik. Na 2013, mai maza 2,102, ya nuna cewa masu fama da wahalar barci haɗarinsu ya kusa ninki biyu. Na 2015 ya auna burbushin melatonin a fitsarin safe na maza 928. Waɗanda nasu ya yi ƙasa sun fi sauran shiga haɗarin kansa mai nisa har ninki huɗu, ko da yake nan ma masu irin wannan kansa 24 ne kawai.

A Sifaniya an kwatanta maza fiye da dubu masu cutar da waɗanda ba su da ita. Bambanci tsakanin wanda ya taɓa aikin dare da wanda bai taɓa ba ɗan kaɗan ne, amma ya fi fitowa ga waɗanda suka yi shekara 28 ko fiye. Masu binciken sun kuma yi amfani da hotunan Madrid da Basalona da 'yan sama jannati suka ɗauka da dare, suka ga cewa mazauna unguwannin da shuɗin haske ya fi yawa sun fi kamuwa da kimanin ninki biyu. A 2018 suka ƙara da cewa masu cin abincin dare kafin ƙarfe 9, ko masu barin awa biyu tsakanin ci da kwanciya, haɗarin kansar nono da ta furostet ya yi ƙasa a wurinsu da kimanin kashi 20 cikin 100.

A kudancin Faransa, binciken 2018 bai ga alaƙa ba idan aka haɗa duk masu aikin dare, amma ya gan ta tsakanin aikin dare na dindindin na shekara 20 ko fiye da nau'in kansa mai zafi.

Akwai kuma waɗanda ba su ga komai ba. A Siwidin an bi tagwaye maza fiye da 12,000, sakamakon 2017 bai nuna alaƙa ba. A birnin Montiriyal na Kanada, binciken 2012 ya nuna haɗari kusan ninki uku, amma wani da ya fi shi yawan masu cutar, wanda aka wallafa a 2019 a birnin dai, bai tabbatar da hakan ba.

Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, da ke Liyon a Faransa, ta zauna a kan batun sau biyu, a 2007 da 2019. Duk biyun ta sanya aikin dare a rukunin 2A, wato abin da ake kyautata zaton yana jawo kansa. A zaman 2019 ta ce hujja daga dabbobi ta wadatar, amma hujja daga mutane taƙaitacciya ce, ta kuma ambaci kansar nono, ta furostet da ta babban hanji. Rukuni na 1 shi ne na abubuwan da aka tabbatar, kamar taba sigari. Jan nama ma yana rukunin 2A. Rukunin yana nuna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba.

6. Me ya sa sakamakon ke saɓawa?

Da farko, ba ma'ana ɗaya masu bincike ke ba aikin dare ba. Wani ya ƙirga wanda ke kwana uku a wata, wani kuma sai mai kwana kullum. Na biyu, yawanci tambayar mutane ake yi su tuno aikin da suka yi shekaru talatin baya, kuma mai ciwo ya fi mai lafiya zurfafa tunani a kan abin da ya wuce. Na uku, masu aikin dare kan bambanta da sauran ta fuskar ƙiba, shan taba, abinci da zuwa asibiti, kowanne kuma na iya shiga lissafi. Na huɗu, shi kansa ciwon furostet yana tashin mutum fitsari da dare. Idan aka ga mai cutar ba ya barci, dole a tambaya: rashin barcin ne ya kawo ciwon, ko ciwon ne ya hana barcin?

Darasin da ke nan ya wuce batun furostet. Duk lokacin da kuka ji an ce bincike ya nuna kaza yana jawo kaza, ku tambayi mutum nawa aka bincika, nawa suka kamu, kuma ko wasu sun maimaita sun sami abu ɗaya.

7. Me mai aikin dare zai yi?

Hujjar ba ta kai a ce magidanci ya ajiye aikin da yake ciyar da iyalinsa ba. Amma ta kai a ce ya kula, balle ma gyaran barci yana da amfanin da babu gardama a kansa wajen hawan jini, ciwon suga, ƙiba da haɗarin mota.

1. A nemi barcin awa 7 cikin kowace awa 24, ko da a kashi biyu ne.
2. A duhunta ɗaki da labule mai kauri, a kashe waya, a roƙi uwargida da yara su ɗauki wannan lokaci a matsayin daren maigida.
3. A bar goro, shayi da kofi awoyi kafin kwanciya. A guji ƙwayoyin hana barci.
4. A ci babban abinci kafin fita aiki, tsakar dare kuma a taƙaita.
5. Inda ake karɓa-karɓa, a nemi shugabanni su jera aikin daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jiki ya fi jure wannan jeri, kuma kada kwanakin dare su yi yawa a jere.
6. Mai aikin rana ya rage kallon waya a kan gado, ya kwana cikin duhu, ya sami hasken safiya.
7. Kada a sayi ƙwayar melatonin da sunan rigakafin kansa. Ba a tabbatar tana yin wannan aiki ba.

Mafi girma duka shi ne zuwa asibiti da wuri. Kansar furostet a farkonta ba ta da alama, kuma a lokacin ne ta fi jin magani. A ƙasashenmu da yawa ba sa zuwa sai fitsari ya tsaya ko ciwo ya sauka a ƙugu da gadon baya. Ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka na ba baƙar fata da masu cutar a danginsu shawarar su tattauna da likita kan gwaji tun daga shekara 45. Akwai gwajin jini da ake kira PSA, da duba gaɓar da likita ke yi da yatsa ta dubura. Hawan PSA ba shi ne tabbacin kansa ba, domin kumburin tsufa da ciwon sanyi na gaɓar ma suna ɗaga shi. Sai an ɗebi ɗan tsoka an duba ake tabbatarwa. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da likitocin wannan fanni. Wanda ya ga jini a fitsari ko a maniyyi, ko fitsarinsa ya raunana, ko yake yawan tashi da dare, kada kunya ta zaunar da shi.

Taƙaitawa

Jiki na da agogo da haske ke saitawa, kuma aikin dare na shekaru yana rikita shi. Wasu bincike sun danganta wannan da kansar furostet, musamman ga waɗanda suka daɗe a aikin, wasu kuma ba su ga alaƙa ba. Saboda haka IARC ta ce ana kyautata zato, ba ta ce an tabbatar ba. Shekaru, asali da gado su ne manyan abubuwan da aka tabbatar. Mai aikin dare ya gyara barcinsa, kowane namiji da ya kai 45 kuma ya tuntuɓi likita, ko yana aikin dare ko ba ya yi.

Sababbin kalmomi

- Agogon jiki: tsarin cikin jiki mai zagayen kusan awa 24.
- Melatonin: sinadarin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa cikin duhu.
- Furostet: gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara.
- PSA: gwajin jini da ke nuna halin da furostet ke ciki.
- Rukunin 2A: abin da ake kyautata zaton yana jawo kansa.

Tambayoyi

1. Me gwajin de Mairan ya nuna?
2. Me ya sa jikin mai aikin dare ba ya gama sabawa?
3. Kawo abubuwa uku da aka tabbatar suna ƙara haɗarin kansar furostet.
4. Me ya sa ya kamata a yi hattara da sakamakon binciken Japan na 2006?
5. Mene ne bambancin rukuni na 1 da rukunin 2A?

Aikin rukuni

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi sana'ar dare guda da ake yi a garinku, ya tsara wa mai ita jadawalin awa 24 da ke nuna lokacin aiki, salla, abinci da barcin awa 7. Ku karanta wa aji, ku faɗi abin da zai fi wuyar kiyayewa da yadda iyali za su taimaka.